Ranar da Alu Ya Daina Zagin Surajo

Sunan Alu Sai-na-taɓa, a bakin kakata Gudiya na fara jin sa, a gidanmu na Jega, ina 'yar shekara tara. Ta aike ni sayen ƙwan zabi, na dawo na tsuguna ina jefa su ɗaya bayan ɗaya cikin ƙwaryar ruwa, wai in ga ko mai ƙwan ta haɗa mini da bara-gurbi. Gudiya ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Ke kuma yaushe kiz zama Alu Sai-na-taɓa?"

Na ɗauka wani ne daga cikin mutanen tatsuniya. Sai da aka yi wani suna a Aliero aka tafi da ni, na ga ashe mutum ne mai rai, ƙanen Gudiya ciki ɗaya. Dogo ne, siriri, mai ƙananan idanu. Ana rabon goro, kowa ya karɓa ya jefa aljihu, shi kuwa ya ɓara nasa biyu, ya duba ciki, ya shinshina, sannan ya ce an gode. Abin da zan faɗa a nan, wani daga Gudiya na ji, wani daga matarsa Asma'u, sauran kuma shi ya faɗa mini da bakinsa.

A Aliero aka haife shi, gidan manoman albasa, kuma Gudiya ta ce ba da wannan hali ya zo duniya ba. Yana saurayi, wata shekara irin albasarsu ya lalace, mahaifinsu ya aike shi kasuwa ya sayo wani. Ya sayo iri baƙi wuluk mai kyan gani a hannun wani baƙo mai daɗin baki. Aka yafa, aka yi ta ban ruwa mako biyu, ko tsinke bai tsiro ba. Ashe mataccen iri ne aka cuɗa da dakakken gawayi. Shekarar nan gidansu ba su ga albasa ba sai a gonar maƙwabta. Mahaifin bai daka masa tsawa ba, bai ma ce masa uffan ba, kuma shirun nan ne ya shiga jikin Alu ya ƙi fita. Tun daga ranar, in aka ce masa abu na da kyau, amsarsa ɗaya ce: "Sai na taɓa."

Noma bai riƙe shi ba. Ya bi manyan motocin da ke kwasar albasa, ya koyi tuƙi, ya koyi kwance ƙarfe da ɗaure shi, har ya mallaki tasa a-kori-kura, wata fara wadda ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunsa. Bakanike bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba. Bakanike, in ji Alu, mutum ne da zai cire maka lafiyayyen ƙarfe, ya sa maka mataccen na wani, ya kuma tsaya jiran godiya. Ko da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato aka sauya lambobin mota, ya ɗaura sabuwar lamba, amma tsohuwar ya naɗe ta cikin buhu ya tura ƙarƙashin kujera. Wa ya sani, in ji shi, ko gobe su ce sun fasa.

Aikin motar iri biyu ne. Lokacin albasa tana kwasa daga gonaki zuwa kasuwa. Sauran lokaci kuwa masu karaya take ɗaukowa, domin Aliero garin ɗori ne, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidan Alu da na Malam Jibrilla mai ɗori. In wani ya faɗo daga itace a Alelu, ko sa ya take wani a Kuberi, Alu ake turawa. A shimfiɗa katifa a bayan motar, a kwantar da mai ciwo, a taho a hankali.

Duk faɗin duniya, mutum ɗaya ne Alu ke karɓar abu daga hannunsa ba tare da ya jujjuya ba: Surajo na Maiyama, ɗan kawunsa. Taubasai ne, Alu ɗan mace, Surajo ɗan namiji, kuma shekara ɗaya aka haife su. Tun suna yawo ba wando ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Surajo ya ce "bawan gidanmu", Alu ya ce "ɓarawo", sai a tafa a zauna. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki in an ɗan natsa, zagin nan shi ne gaisuwarsu. Surajo ma yana da a-kori-kura irin ta Alu sak, sai dai tasa shuɗiya ce, kuma yakan bar ta a gida ya bi babbar motar albasa zuwa Kurmi, can kudu, sau biyu ko uku a shekara.

A bazarar farko bayan an ba da jiha, Alu ya ɗauko wata tsohuwa daga Alelu da karayar cinya. Tun daga ƙofar gidansu har Aliero tsohuwar nan salati take da kuka, duk ramin da aka faɗa sai bayan motar ya yi sama ya dawo ya sake yin sama. Da aka shigar da ita, Malam Jibrilla ya daɗe a ciki. Ya fito yana goge hannu da gefen riga.

"Alu, karaya guda na aike ka ka ɗauko mani, kak kawo mani biyu. Ƙashin ya goce kan hanya. In ba ka gyara gindin motag ga ba, jaki ya hi ta."

Alu ya nufi motarsa. Ya zagaya bayan motar, ya danna ta da dukkan nauyinsa, ya saki. Lafiyayyar mota sau ɗaya take ɗagowa ta tsaya. Tasa ta yi ta lilo kamar jirgin fito a tsakiyar gulbi. Ya leƙa ƙasa. Shokabzoba biyun da ke baya, ƙarafan nan masu kamar gora da ke riƙe mota kada ta yi tsalle, duk sun zubar da mansu, ya haɗu da jar ƙasa ya yi dabbare-dabbare.

A Jega akwai masu sayar da su, rataye da waya a jikin rumfa, amma duk kwance ne, an cire daga wasu motoci, kuma Alu ya sha kama wadda aka wanke aka shafa wa fenti. Wannan karon sababbi yake so, na cikin kwali, irin waɗanda bai taɓa riƙewa ba tun da yake. Sai ya kwance guda daga cikin tsofaffin, ya ɗauki zarto ya yi mata zane uku a gindi, don haka yake wa duk ƙarfen da zai bar hannunsa, ya kai wa Surajo da ke shirin tafiya Kurmi, ya ce ya nemo masa irinta biyu.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, shuɗiyar motar Surajo ta shawo kwanar gidan. Akwai wani kwari a daidai ƙofar, inda ruwan wanka ke bi, wanda duk motar da ta taka sai ta yi tsalle. Ta Surajo ta wuce shi lumui. Alu yana zaune a gindin dogon-yaro, ya gani, bai kawo komai a ransa ba tukuna.

"Ina bawan gidanmu? Taho ka amshi kayanka, ka duƙa ka yi godiya."

"Ɓarawo ya dawo. Kurmi sun huta. Mi kas sato muna?"

"Abin da ya hi ƙarhin talaka irinka." Surajo ya miƙo kwalaye biyu dogaye. "Ka wanke hannu kahin ka taɓa, warin albasa na ɓata su."

"Ina tsohuwar da nib ba ka?"

"Wace? Gawar nan? Can na baro ta shagon, mi za ni yi da ita, miya?"

Suka yi dariya. Surajo ya ce zai wuce Jiga Birni gaisuwar mutuwa, in ya dawo bayan azahar zai tsaya ya ci tuwon Asma'u, ya kuma ga ko bawa ya iya aikin da aka sa shi.

Alu ya shiga aiki yadda ya saba, ba gaggawa. Ya sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba. Ya ɗaga bayan motar da jak, sannan ya mirgino guntun kututturen giginya ya tokare ta, domin jak ma, in ji shi, mutum ne ya ƙera shi. Ya cire taya. Tsohuwar shokabzobar da ta rage, notinta ya ci tsatsa, amma tun jiya ya ɗiga masa kananzir. Ya kafa sufana, ya zura mata guntun bututu don ta yi tsawo, ya taka da ƙafa. Notin ya yi ƙara ya saki. Ya kwance na ƙasa, ya kwance na sama, ya zaro ta. Robobin da ke kunnuwanta sun cinye, sun zama kamar tsohon takalmi. Ya jera notuna a kan murfin kwano bi da bi, yadda ba za su rikice masa ba.

Sannan ya wanke hannu, ya zauna a tabarma, ya buɗe kwali. Sabuwar ta fito baƙa tana sheƙi, da sababbin robobi, da wata 'yar takarda a ninke mai ƙananan rubutun boko. Ya ajiye takardar gefe. Ya kwantar da shokabzobar a kan gwiwoyinsa, ya kama kai da gindi, ya ja.

Ta biyo hannunsa ba gardama.

Ya tura, ta koma da wani ɗan huci, fus, kamar an matsa wofin salka. Sai can wajen ƙarshe ta ɗan cije. Alu ya tsaya. Abu ɗaya da ya sani game da shokabzoba shi ne mai rai gardama gare ta, ko kwancen Jega in mai kyau ce sai ka yi nishi kafin ta motsa. Ya buɗe kwali na biyu. Ita ma haka, har ta fi ta farko laushi.

Ya daɗe a zaune da ƙarfen a cinyarsa. Daga nan abubuwa suka fara zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sami wurin zama. Motar Surajo da ta taka kwarin ƙofar gida ba ta yi tsalle ba, alhali watan jiya rawa take kamar tasa. Tsohuwar da ya bayar, wai an baro ta a shago. Cewa da aka yi ya wanke hannu, don kada ya murza fenti ya gane ke nan. Ya ɗaga ƙarfen ya shinshina. Warin sabon fenti ne. To, sabon abu ma warin fenti yake, amma tsohon da aka shafa fa?

Asma'u ta fito da kwanon fura ta same shi da zarto a hannu, yana kankare gindin sabuwar shokabzoba.

"Malam, lahiya? Sabon abu kaka gurzawa?"

"Zanena nika nema. Uku na yi."

"Wane zane?"

"Wanda na yi wa tawa. In wagga ita ta, za ni gan shi."

Ya kankare har farin ƙarfe ya fito, faɗin tafin hannu. Ba zane. Ya kankare ta biyu. Ba zane. Asma'u ta yi ajiyar zuciya, ta ce to alhamdu lillahi. Alu ya shafa wurin da babban yatsa.

"Sun goge shi da dutsin wuta. Ji yadda wurin ya yi santsi."

"Kai kag goge shi yanzu da hannunka, ina kallo." Ta ajiye kwanon. "Malam, Surajo na hwa. In abin bai yi ba, wataƙila shi anka cuta can. Ka jira shi ka tambaye shi."

"Shi anka cuta, motatai kuma tad daina tsalle?"

Asma'u ta koma ciki. Furar tana nan har ta tsinke bai taɓa ta ba. Abin da ke cin sa ba ƙarfen ba ne. Tun yana saurayi yake jujjuya duk abin da aka miƙo masa, mutum ɗaya tak ya ɗauke wa, ashe nan ne ramin yake. Ya tuna fagen albasar mahaifinsa, ƙasa jiƙaƙƙiya, baƙa, ba ko tsinke.

Bayan azahar shuɗiyar mota ta dawo. Ta sake taka kwarin, ta sake wucewa lumui, wannan karon Alu ya zuba mata ido tun daga nesa. Surajo ya sauko yana kaɗe hula.

"Kai, raggon bawa. Tun hantsi mota na tsaye da ƙahwa ukku? Gidanmu da an sai da kai."

Alu ya miƙe tsaye. Ya shiga zaure ya ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake shimfiɗa wa surukai, ya kaɗe ta, ya shimfiɗa a inuwa. Ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam Surajo. Bismilla. Ya hanya? Ya muka ji da haƙuri?"

Surajo ya yi dariya, ya duba bayansa ko da wani Malam Surajon. "Wanga sabon iskanci na? Aljanun ƙarƙashin mota sun shige ka?"

"Ayya, ko kusa. A kawo maka ruwa, Malam? Ka sha rana."

"Alu. Bawa. Mai warin albasa. Da kai nika."

"Na ji, Malam. Allah shi ƙara girma."

Dariyar ta tsaya a fuskar Surajo, ta rasa inda za ta. A tsakanin taubasai zagi ba komai ba ne, shi ne ma alamar ana tare. Ranar da taubashinka ya shimfiɗa maka tabarmar baƙi ya kira ka Malam, ranar ya fitar da kai daga dangi. Surajo ya san haka, Alu ya san ya sani. Idon Surajo ya sauka kan tsohuwar tabarma, ya ga shokabzoba biyu a kwance, kowacce an kankare mata gindi, ga zarto a gefe. Ya san zanen Alu, ya sha yi masa dariya a kai. Ya daɗe yana kallon farin ƙarfen.

"Huɗu na saye," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Biyu naka, biyu nawa. Shago guda, kwali iri guda. Nawa wani bakanike ya ɗaura mani a Maiyama jiya."

"Madalla. Allah shi sa albarka, Malam."

Surajo ya sa hularsa. Asma'u ta leƙo daga zaure ta ce ga tuwo ta kwashe. Ya ce ta yi haƙuri, ya ci a gidan makoki. Ya tsaya jikin ƙofar motarsa kamar mai jiran a jefe shi da wata kalma, ko da guda ce. Alu ya ce, "A gai da mutan gida." Motar ta tashi.

Bayan la'asar Malam Jibrilla ya zagayo, yana so ya ji ko gobe motar za ta iya zuwa Kuberi, an aiko wani makiyayi ya karye a ƙwauri. Ya tarar da Alu zaune, mota a ɗage. Alu bai ambaci sunan kowa ba, ya dai miƙa masa ƙarfen ya ce ya ji, wai sabo ke nan.

Malam Jibrilla bai san komai game da mota ba. Amma shekara arba'in duk abin da aka miƙa masa mai tsawo da gaɓa, hannunsa ya san yadda yake karɓarsa. Ya yi bisimilla, ya ɗan tofa kamar yadda ya saba kafin ya taɓa mai ciwo, ya shafa shi daga sama har ƙasa.

"Kwana nawa tana kwance?"

"Wa ya sani. Tun daga inda anka ƙera ta, in sabuwa ta."

"A jikin mota kwance taka zama ko tsaye?"

"Tsaye."

"To kai kuma kag gwada ta kwance. Mutumin da ya yi wata biyu bisa tabarma, ranar da munka kwance mai karan ɗori, ba mu cewa shi yi gudu. Tsai da shi muka yi, shi taka kaɗan, shi ɗaga, shi taka, har jini shi sauka."

Ya kafa gindin shokabzobar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, kanta a sama, ya ja a hankali har ƙarshe, ya danna a hankali har ƙarshe. Na farko, fus. Na biyu, fus, amma gajere. A na huɗu sai da ya sa kafaɗa. A na shida tsohon ya yi nishi, jijiyar wuyansa ta tashi, ƙarfen yana sauka da kyar kamar ana tura turmi cikin laka. Ya miƙa wa Alu.

"Taɓa, tunda sunanka ke nan."

Alu ya taɓa. Ya ja, ta ƙi. Ya danna, ta cije tun daga sama har ƙasa, ba wofi ko kaɗan. Ya ɗauki ta biyu, ya miƙa wa Malam Jibrilla, ita ma ta yi haka.

Wani zai ce a nan magana ta ƙare, sai a tashi a nufi Maiyama. Amma Alu ne. Ya kalli ƙarfen, ya kalli bakin Malam Jibrilla. Ya ga lokacin da tsohon ya yi tofi. Kowa ya san tofin gidan su Jibrilla, ƙashi ma yana jin sa, balle man da ke cikin gora. Kuma tofi yana da kwanakinsa, in ya sake fa? Ban da haka, uwar Jibrilla 'yar Maiyama ce.

"Ka yi mata wani abu," in ji shi.

"Na tsai da ita."

"Kahin nan."

Malam Jibrilla ya kaɗe rigarsa ya miƙe. "Gobe da sassahe, Kuberi. In ka ga dama."

Alu ba shi da wasu, don haka ya ɗaura su. Ya zura robobi, ya kama notin sama da hannu, ya kama na ƙasa, bai ƙulle ba sai da ya mayar da taya, ya janye kututture, ya sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure su tamau. Ya danna bayanta ya saki. Ta ɗago sau ɗaya ta tsaya cak. Washegari makiyayin Kuberi har barci ya yi a kan hanya.

Alu kuwa jira ya shiga yi. Duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya danna bayan motar, ya leƙa ƙasa ko mai ya fara tsattsafowa. Ya ba tofin kwana arba'in. Ya ƙara masa zuwa bayan damina. Damina ta wuce, wata ta zo. Wurin da ya kankare ya yi tsatsa, amma mota ba ta yi tsalle ba. Shi da Surajo suna haɗuwa a sabgogin dangi, su yi musafaha da hannu biyu, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi wata tabarmar. Baƙi har yaba ladabinsu suke. Gudiya kuwa in ta gani sai ta juya baya tana share ido, ta ce ita ba ta taɓa ganin mummunan abu irin gaisuwar nan ba. Ta yi wa ƙanenta magana ya fi a ƙirga. Amsarsa ita ce bai ce Surajo ya yi ba, bai kuma ce bai yi ba.

'Yar takardar cikin kwalin tana nan. Ya ninke ta cikin leda tare da lasin ɗinsa. Ya san in akwai gaskiya tana cikinta, amma wa zai karanta masa? Malamin firamaren unguwarsu abokin ɗan Surajo ne. Masu kayan mota na Jega bakinsu ɗaya da na Kurmi. Ma'aikacin asibiti zai faɗi abin da zai kwantar masa da rai ne kawai. Shekara huɗu takardar nan tana aljihunsa.

Shekarar da na gama sakandare na je Aliero na yi mako biyu wurin Asma'u. Wata safiya ya kira ni gindin dogon-yaro. Da yake ƙanen kakata ne, wasan jika muke da shi, amaryarsa yake ce mini.

"Amarya, an ce kin gama boko. Ko dai kuɗin makaranta kunka ci ke da Gudiya?"

"Gwada ni, tsoho."

Ya gwada ni kuwa. Ya fara ba ni lasin ɗinsa, wanda ya san abin da ke ciki, ya kuma miƙo shi a juye. Na gyara na karanta. Ya ba ni wani tsohon buhun taki. Sai da na tsallake waɗannan ya ciro ledar. Takardar ta yi laushi kamar tsumma, rubutun harsuna daban-daban ne, na nemo na Turanci na fassara masa. Ta ce kafin a ɗaura, a tsayar da ita kanta a sama, a ja a danna sau da yawa, domin in ta daɗe a kwance iska kan shiga inda mai yake, sai ta yi laushi kamar ta lalace, alhali lafiyarta lau.

Alu ya miƙo hannu. Ya karɓe takardar ya mayar aljihu. Bayan kwana uku ya sake kira na, ya ce in karanta, wai ya manta. Na san so yake ya ji ko zan sauya magana. Na karanta, kalma ba ta sauya ba.

"Ba ta ambaci tohi ba?"

"Ba ta ambata ba."

"Duba baya."

Na juya. Bayan ba komai sai lambobi.

Ya daɗe yana kallon motar, wadda a lokacin fentinta ya koma kalar toka. Ya miƙa hannu ya shafa gefenta. Sannan ya ninke takardar, amma maimakon aljihunsa, sai ya sa ta a tafin hannuna ya rufe da yatsunsa masu kaushi.

"Amarya, jibi ki shirya, za ki raka ni Maiyama. In mun isa, ni ba ni iya cewa komi, bakina ya yi nauyi. Ke za ki tsaya gabanai ki karanta wagga takarda da ƙarhi, yadda kik karanta mani, kada ki rage ko harahi. In kin ƙare ki matsa gehe ki ba ni wuri. Shekara huɗu ban ce ma ɓarawon nan ɓarawo ba."